Kilomita Saba'in da Shida

A unguwar da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa akwai wani dattijo da kowa yake kira Daidai. Shekarunsa saba'in da tara, amma har yanzu a miƙe yake tafiya, kuma ba a taɓa ganin maɓallin rigarsa a ɓalle ba. Ɗakinsa yana ƙarshen gidan 'yarsa, Auta. Babu tarkace a ciki: gado ɗaya, kujera ɗaya, taswirar ƙasa manne a bango wadda tsufa ya mayar da ita ruwan ƙasa, sai wata takardar yabo a cikin gilashi. A ƙarƙashin gadon akwai akwatin ƙarfe, wanda ya yi shekara arba'in ba ya yarda kowa ya buɗe.

Maƙwabta sun san shi da labarin tafiya ɗaya, wadda ya ratsa ƙasar daga bakin teku har iyakarta ta can nesa cikin kwana tara. Yakan ba da labarin dalla-dalla, rana bayan rana, ba ya ƙari ba ya ragi. Sai dai har zuwa bara, mai saurare da hankali zai lura cewa idan ya gama kwana na biyar, sai ya yi gyaran murya ya faɗa na bakwai. Wanda ya tambaye shi na shida, amsa ɗaya yake samu: "Hanya ce ta lalace." Wannan amsa ita ce ƙarya guda da yake iya maimaitawa ba tare da ya ƙifta ido ba, kuma a kanta wannan labari ya tsaya.

A ƙuruciyarsa direba ne a wani kamfani mai shigo da sababbin motoci ta tashar jiragen ruwa. Aikinsu shi ne su ɗauki mota sabuwa fil daga harabar kamfani, su tuƙa ta har hannun wanda ya saya, su karɓi sa hannu da hatimi, sannan su dawo gida a jirgin ƙasa da tikitin da kamfani ya yankar musu. Aikin yana da dokoki biyu. Ta farko, sabon inji lallaɓa shi ake yi, ba a wuce gudun kilomita hamsin a awa. Ta biyu, a takardar kai mota ana rubuta nisan tafiyar, kuma idan an isa akawu zai leƙa agogon da ke gaban direba, wanda yake ƙirga kilomita, ya gwada da abin da ke rubuce. Da yake kamfani ya san hanya ba ta rasa kewaye, ya yafe wa kowane direba rarar kilomita ɗari.

Sauran direbobi sun ɗauki wannan rara tamkar gado. Wani ya biya ta garin surukansa, wani ya kai wa budurwa ziyara da sabuwar mota yana ƙamshin leda. Shi kuwa sai ya yanka wa kansa doka ta uku, wadda babu wanda ya ɗora masa: ba zai wuce rarar kilomita biyar ba. Idan yunwa ta kama shi, ba ya shiga gari da mota. Sai ya ajiye ta a bakin titi, ya kulle, ya taka da ƙafa ya sayo abinci. Ko baya ba ya son yi sai ta kama dole.

"Wannan ai ko matarsa ta kira shi, sai ya duba agogo ya ga ko amsawa za ta ci kilomita," in ji wani abokin aikinsa wata rana a rumfar mai shayi. Aka kwashe da dariya. Daga nan laƙabin Daidai ya bi shi, shi kuma bai ƙi ba. Gaskiyar magana, daɗi yake ji.

Ya kai mota arba'in da tara a haka. Ta hamsin ita ce mafi nisa da kamfanin ya taɓa aikawa: bas ce mai ruwan ɗorawa, wadda wata kwalejin horon malamai ta saya a can ƙarshen ƙasa. A takarda an rubuta kilomita dubu biyu da ɗari uku da goma sha shida. Manaja ya kira shi ofis, ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane, ya ce idan ya cika hamsin a kan al'adarsa, za a rubuta masa takardar yabo da hannun shugaban kamfani.

Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa inda ya yi shekara hamsin a zaune tsakanin basilla da zare da guntayen fata. Mutum ne mai barkwanci, ba ya kallon fuskar baƙo sai ya fara kallon ƙafarsa. Yana da ƙanwa guda a duniya, wadda shi ya rene ta bayan rasuwar iyayensu. Ta auri wani ma'aikacin haƙa rijiyoyi, aiki ya ɗauke su zuwa wani ƙauye mai nisa, suka zauna can. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba su sa juna a ido ba, sai wasiƙa jefi-jefi. Daidai bai san Gwaggon nan tasa ba sai a bakin mahaifinsa.

Da tsohon ya ji labarin tafiyar, sai ya sa aka nuna masa hanyar a taswira. Ya daɗe yana bin jan layin da yatsa, sannan ya ɗago.

"Ɗana, wannan hanya taka ai ta ƙofar Gwaggonka ta bi."

"Ta kusa da su dai, Baba."

"To, kusa da ƙofa ai ƙofa ce. Motar nan kujera nawa gare ta?"

"Talatin da biyu."

"Kai kaɗai za ka zauna a kansu duka? Ka ara mini ɗaya. Ba ni da nauyi, ba na cin mai."

Doka ta yarda direba ya tafi da abokin tafiya ɗaya a doguwar hanya, saboda haka Daidai ya amince. Ya tambayi nisan ƙauyen daga babban titi, tsohon ya ce a wasiƙa an ce masa nisan jifa ne kawai. Daidai, wanda ba ya barin gida sai ya auna iskar kowace taya, bai bincika wannan jifa ba. Mahaifin nasa ya rufe rumfa mako biyu kafin tafiya, ya zaɓi fata mafi laushi da yake da ita, ya zauna ya ɗinka wa ƙanwarsa takalma. Bai nemi awo ba.

"Na san ƙafarta," in ji shi. "Ni na ɗinka mata na farko. Ta hagu ta ɗan fi ta dama, kuma ɗan yatsanta na ƙarshe ba ya son matsi." Ya naɗe su a farin ƙyalle, ya sa aka rubuta mata wasiƙa cewa yana tafe a mako na biyu na wata, cikin mota mai ruwan ɗorawa.

Kwana biyar na farko su ne mafi daɗi da Daidai ya taɓa yi a kan hanya, ko da yake bai gane haka ba sai daga baya. Suna tashi da sanyin safiya, su tsaya kafin rana ta faɗi. Tsohon, wanda bai taɓa yin nisan yini guda daga rumfarsa ba, ya ƙi zama wuri ɗaya. Da safe yana kujerar gaba, da azahar ya koma ta baya, ya ce yana son kowace kujera ta san ya zauna a kanta kafin malamai su zo su cika ta da alli.

Suka bar ƙasar bakin teku mai danshi, inda itatuwa suke haɗe kai a saman titi har rana ba ta taɓa kwalta. Suka hau duwatsu a giya ta ɗaya, inji yana nishi, gajimare yana shigowa ta taga, tsohon yana miƙa hannu wai zai damƙi kaɗan ya kai wa ƙanwarsa tsaraba. A kwana na uku suka iske wani kogi wanda ba a hango ɗaya gaɓar, aka ɗora bas ɗin a jirgin fito. Daidai ya tsaya riƙe da birkin hannu, shi kuwa mahaifinsa yana can yana faɗa da mai jirgin a kan takalminsa.

"Malam, wanda ya ɗinka maka wannan, ka yi masa laifi ne? Kawo nan." Kafin su kai gaɓa ya gyara masa shi, ya ƙi karɓar ko sisi.

Bayan kogin sai fili, shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu kwari, titi ya miƙe kamar an ja zare. A nan ne tsohon ya buɗe bakin labarin ƙanwarsa. Yadda take tsoron kaji tana ƙarama. Yadda ta taɓa ɓoye masa basilla kwana biyu don ya ƙi kai ta kallon jirgin ƙasa. Yadda ranar da za ta tafi ta riƙe hannun rigarsa a tasha har sai da ɗinkin ya ɓalle.

"Ban gyara rigar ba," in ji shi. "Ni da nake gyara na kowa." Ya yi dariya, ya juya yana kallon taga.

A kwana na biyar da la'asar suka tarar ruwa ya cinye wata gada. Ma'aikata suka nuna musu kewaye ta cikin gonaki. Daidai yana tuƙi yana kallon agogo, lambobi suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, har suka koma kan kwalta. Kilomita huɗu. Cikin biyar ɗin da ya yanka wa kansa, saura ɗaya, kuma akwai sauran tafiyar kwana huɗu. Bai ci abincin kirki ba a ranar.

Washegari da hantsi suka iso mararrabar. Babu komai a wurin sai wata bishiya, da wani mutum mai sayar da ruwa a randa, da allon ƙarfe mai tsatsa wanda ya nuna wata jar hanya da ta yi hagu. An rubuta sunan ƙauyen Gwaggo, a ƙarƙashinsa kuma lamba: talatin da takwas.

Daidai ya taka birki. Tun kafin motar ta gama tsayawa ya gama lissafi. Zuwa da dawowa, saba'in da shida. Idan aka haɗa da huɗun jiya, tamanin. Bai kai ɗarin da kamfani ya yafe ba. Babu wanda zai tuhume shi, babu wanda zai rage masa matsayi, kuma ko lokaci yana da rarar yini guda. Abin da zai rasa ɗaya ne: ba za a ƙara cewa bai taɓa wuce biyar ba.

Mahaifinsa ya riga ya ɗauko ƙullin farin ƙyallen ya ɗora a cinya, ya gyara zaman hularsa.

"Baba, ka ce jifa ne."

"To, mai jifan ne yake da ƙarfi. Mu je, ɗana, rana tana yi."

Daidai ya sauka ya tambayi mai ruwa ko akwai motar da ke shiga ƙauyen. Mutumin ya ce sai ranar kasuwa, nan da kwana uku, amma hanyar lafiya lau take, ko jiya babbar mota ta bi ta. Daidai ya so a ce masa ta lalace. Ya dawo ya zauna a mazauninsa, ya kama sitiyari da hannu biyu, bai dubi tsohon ba.

"Baba, motar nan amana ce. Ba zan sa sabuwar taya a jar hanya ba. Mu kai ta tukuna. Idan muna dawowa sai mu sauka daga jirgi mu shigo, mu yi mata kwana biyu ma, ba tsayuwar awa ɗaya ba."

Ya san layin dogo ba ya bi ta nan. Ta bayan duwatsu yake zagayawa, tazarar fiye da kilomita ɗari biyar, kuma tikitin kamfani ba a sauka da shi a hanya. Mahaifinsa ma ya sani, domin sau nawa Daidai yana zaune a rumfarsa yana lissafa masa tashoshin jirgin nan ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon ya dube shi, duban da bai yi tsawo ba.

"To," in ji shi. "Buɗe mini ƙofa in miƙe ƙafa."

Ya sauka a hankali saboda gwiwarsa. Ya taka har gindin allon, ya tsaya a daidai inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara, ƙullin yana hammatarsa. Bai yi komai ba, kallon hanyar kawai yake yi, har inda ta shige cikin ciyawa. Daidai yana kallonsa ta madubi. Sau biyu hannunsa ya kai kan giya, sau biyu ya janye. Da a ce tsohon ya roƙe shi, ko ya zage shi, ko ya ce masa ni na haife ka, da ya juya motar. Ya sha gaya wa kansa haka. Amma mahaifinsa ba mai roƙon ɗansa ba ne, kuma Daidai ya san da wannan tun kafin ya yi magana.

Bayan kamar minti goma tsohon ya sayi ruwa kofi ɗaya, ya sha, ya hau mota. Ya tura ƙullin ƙarƙashin kujera.

"Mu tafi, malam direba. Kada mu ɓata maka lokaci."

Daga wannan rana bai ƙara canza kujera ba. Bai yi fushi ba, bai daina magana ba. Idan an ba shi abinci ya ci ya yi godiya. Sai dai "ɗana" ta fita daga bakinsa, "malam direba" ta maye gurbinta, cikin ladabi, kamar fasinjan da aka rage wa hanya. Suka ratsa ƙasar ƙaya da farin yashi, suka wuce wani tafki da tsuntsaye suka rufe shi fari fat. Daidai ya rage gudu ya ce, "Baba, dubi." Tsohon ya duba ya ce, "Lallai kam."

A kwana na tara suka shiga harabar kwalejin. Ɗalibai suka kewaye motar suna tafi. Akawu ya fito da takarda, ya leƙa agogo, ya dubi abin da ke rubuce, ya sake leƙawa.

"Dubu biyu da ɗari uku da ashirin. Rarar huɗu kacal? Kai, malam, a sama ka biyo? Ai kana da ɗari. Ba ka da kowa a hanya ne, duk faɗin ƙasar nan?"

Ya buga hatimi yana dariya, bai jira amsa ba. Mahaifin Daidai yana tsaye a gefe da ƙullinsa, yana kallon takalman akawun.

A jirgin ƙasa suka yi kwana uku. Babu wanda ya ambaci sauka. Da jirgin ya zagaya bayan duwatsu, tsohon ya jingina kai da taga ya rufe ido, ko barci yake yi ko ba barci ba, Daidai bai tambaya ba. Da suka iso gida, 'yan uwa suka taru suna tambayar lafiyar Gwaggo. Kafin tsohon ya buɗe baki, Daidai ya ce hanya ce ta lalace. Mahaifinsa bai ƙaryata shi ba, a ranar ko bayanta.

An ba shi takardar yabo, aka sa ta a gilashi. Ya yi niyyar ɗaukar hutu ya kai tsohon da kuɗinsa, niyya ta gaskiya. Amma a shekarar aka ɗaga shi zuwa mai kula da direbobi, aiki ya yi yawa, ya ce sai baɗi. Baɗi gwiwar tsohon ta ƙi, likita ya hana shi doguwar tafiya. A shekara ta uku wasiƙa ta zo cewa Gwaggo ta rasu. Aka karanta wa tsohon a rumfarsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya jiƙanta, ya ci gaba da ɗinkin da ke hannunsa. Bai cika shekara biyu a bayanta ba. Da ake kwashe kayan rumfar, Daidai ya tsinci ƙullin a bayan guntayen fata, ya kai shi akwatinsa ya kulle.

Ya yi sauran aikinsa cikin mutunci, ya aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya. Direbobin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa suna tuna shi da abu ɗaya da ya ba su mamaki. Duk tsananinsa, idan zai sallami direba zuwa doguwar hanya yakan tambaye shi ko yana da wani a kan hanyar. Idan ya ce yana da shi, sai ya ce, "Ka biya. Ɗarin nan taka ce." Ba su taɓa sanin dalili ba.

A bara, wata ranar Laraba da hantsi, Auta ta leƙo ɗakinsa.

"Abba, ka yi baƙuwa. Ta ce ita 'yar Gwaggonka ce. An kawo ta asibitin ido ne, ta ce ba za ta koma ba sai ta gan ka."

Wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ido ɗaya a rufe da auduga. Ta ƙare masa kallo da ɗayan.

"Kai ne ɗan Kawu? Tabɗi. An ce mini dogo ne kyakkyawa. Ko dai idon da aka bar mini ne marar kyau?"

"Wanda aka rufe ne mai gaskiya," in ji Daidai. "Zauna, kada ki faɗi a ɗakina a ce ni na ture ki."

Suka yi dariya kamar sun saba, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Auta ta kawo shayi ta fita. Aka gaisa, aka lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka rage. Sannan baƙuwar ta ajiye kofi, ta juya ido ga taswirar bango.

"Ina da shekara goma sha tara lokacin da wasiƙar Kawu ta zo. Inna ta sa aka yi wa ɗaki farar ƙasa, ta sayi sabuwar tabarma. Mako guda tana zaune a ƙofar gida, ko ƙarar injin niƙa ta ji sai ta miƙe. Da ranar kasuwa ta zo, mai sayar da ruwa a mararraba ya shigo gari. Ya ce wata mota mai ruwan ɗorawa ta tsaya, wani tsoho ya sauka da farin ƙulli, ya daɗe a tsaye yana kallon hanyarmu, sannan ya koma ya hau."

Baƙuwar ta ci gaba.

"Inna ta ce, wannan Yayana ne, ya zo har bakin hanyata. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Cewa ta yi, ba zai juya haka kawai ba, akwai abin da ya hana shi. Har ta bar duniya tana faɗin haka. Daga baya wasiƙa ta zo wai hanya ce ta lalace. Mu kuwa a kan hanyar muke, mun san lafiyarta ƙalau." Ta gyara audugar idonta. "Ban zo da faɗa ba, ɗan Kawu. Tsufa ya kama mu duka. So nake kawai in sani kafin in bi ta. Me ya hana shi?"

Amsar da ya saba tana nan a bakinsa, ta shekara arba'in, a shirye. Ya dubi takardar da ke cikin gilashi, ya dubi matar. Goshinta irin na mahaifinsa ne sak.

"Ni ne," in ji shi. "Ni na hana shi."

Ya gaya mata duka, a tsare, yadda yake ba da sauran labarin: dokar kamfani, da tasa dokar, da gadar da ruwa ya ci, da lissafin da ya yi a mararraba, da maganar jirgin ƙasa wadda shi da tsohon duk suka san ba gaskiya ba ce. Bai rage komai ba. Wannan ne karo na farko da kwana na shida ya fito daga bakinsa.



"Saba'in da shida," in ji ta. "Kuma an yafe maka ɗari."

"An yafe mini."

"Saboda waccan takardar?"

"Saboda ita."

Ta kalli gilashin da idonta ɗaya. "Ko karanta ta ba na iya yi daga nan," ta ce. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, shi ma bai nema ba, domin ya san masu yafewar ba sa nan.

Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo akwatin ƙarfen, ya buɗe, ya miƙa mata ƙullin. Ƙyallen ya yi ja saboda daɗewa. Ta kwance shi a cinyarta. Fatar ta bushe ta yi tauri, amma ɗinkin yana nan, ƙanana a jere, babu wanda ya fi wani. Ta juya takalman, ta haɗa tafinsu, ta ga na hagu ya ɗan fi na dama. Ta sa yatsa ta shafa wurin da aka buɗa wa ɗan yatsan ƙarshe.

"Ya tuna," ta ce. Ta share ido da gefen mayafi, ta yi 'yar dariya. "Amma da ba su shige ta ba. Ƙafar budurwa ya ɗinka wa. Lokacin nan ƙafafunta sun kumbura, sai silifa take iya sawa."

"Da ya gyara su a wurin," in ji Daidai. "Da basillarsa ya tafi. Tana aljihunsa duk tafiyar."

Ta naɗe takalman ta sa a jakarta. Da ɗanta ya zo ɗaukarta, Daidai ya raka ta har bakin titi, abin da ya daɗe bai yi wa baƙo ba. Ta ce masa an zuba wa hanyar tasu kwalta tuntuni, yanzu minti arba'in ne daga mararraba, idan yana so ya zo ya ga inda aka kwantar da Gwaggo. Ya ce in Allah ya yarda. Likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ba za ta ɗauki tafiyar yini guda ba, balle ta kwanaki, kuma wannan karon bai yi wa kowa alkawarin baɗi ba.

Takardar yabon tana nan a bango. Auta ta taɓa tambayarsa ko a sauke ta, ya ce a bar ta, ai bai sace ta ba, da hannunsa ya saye ta. Har yanzu maƙwabta sukan zauna da shi da la'asar su nemi labarin tafiyar, shi kuma yakan ba su. Sai dai yanzu idan ya gama kwana na biyar ba ya gyaran murya. Yakan dubi hannuwansa, sannan ya ce, "Washegari da hantsi muka iso wata mararraba."